Wasiƙa daga Tawa, bayan aikin maɗaciya

Aminiyata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, ya Agadas ya yara ya maigidan? Ki yi haƙuri da shiruna wallahi ba mantuwa ba ce, tun da anka cire min maɗaciya a Yamai ban dawo daidai ba sai kwanan nan.

Aikin kam ya yi kyau alhamdulillahi, ba su tsaga ni ba, 'yan huji 4 sunka yi sunka sa kamara. Da na tashi sai kahwaɗar dama ta kama ni da ciwo kamar an kahwa min ƙusa, lokotoro ya ce iska suke hura wa cikin don su ga wurin aiki, ragowarta ke taɓa wata jijiya ƙarƙashin huhu sai zahin ya hau kahwaɗa, in riƙa takawa kaɗan kaɗan. Kwana 3 ya wuce.

Wanda ya wahalshe ni shi ne ciwon baya. Kin san hanyar nan, Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, sama da kilomita 500 ina zamne cikin kar, ina isowa gida ga 'yan sannu cike da tsakar gida, kuma kin san ba ni iya kallon aiki, har bidon ruwa na ɗauka. Daren nan ban runtsa ba, ƙarƙashin allon kahwaɗa kamar ana murɗawa, ruku'u ya gagare ni sai a zamne nike salla. Inna ta ce a kira wanzami ya yi min ƙaho, na ƙi, don lokotoro ya hwaɗa min wani lokaci tsakuwa na saura cikin hanyar da ruwan maɗaciya ke bi daga hanta zuwa hanji, kuma ciwonta har baya yake kaiwa. Na koma likita anka yi eko, wato hoton ciki, da awon jini, ba tsakuwa, naman baya ne ya gaji. Na yi kuka don daɗi.

Tunda kin ce yayarki ma za a yi mata, don Allah ki tsare ta kada ta ɗauki nauyi sai an ba ta izini, ta rage maiƙo, ni ƙosai har yanzu gudawa yake sa ni. In ciwon bayan ya zo da zazzaɓi ko amai, ko ido ya yi rawaya kamar mai shawara, ko hitsari ya yi duhu kamar shayi, kada a kwana gida.

Ki gaishe min da ita, ki kira ni ranar da anka sa mata.

Taki har kullum.