Ina kuka bar al-Sufi a shirinku na taurari?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na rediyo na daren Laraba ne ya sa ni rubuto wannan takarda, kuma ba yabo na zo yi ba. Mai gabatarwa ya buɗe baki ya ce wani Bajamushe, Simon Marius, shi ya fara gano tarin taurarin nan da ake kira Andromeda a 1612, baƙon da kuka gayyato kuma ya amince masa, suka wuce abinsu. Haba jama'a! Ina kuka bar Abdurrahman al-Sufi?

Wannan malami haifaffen Rayyu ne a ƙasar Farisa, a shekarar 903, ya kuma yi aiki a fadar sarki Adud al-Daula. Wajajen 964 ya rubuta littafinsa na siffofin taurari, a ciki ya ambaci wannan abu, ya kira shi ɗan gajimare, har ya nuna gurbinsa a sama. Ku yi lissafi da kanku, kusan shekara 650 ke nan kafin Marius ya ɗora ido a madubin hangen nesa. Abin da Marius ya yi shi ne bayyana yadda ya gan shi ta cikin madubi, iyakarta ke nan. Charles Messier na Faransa, da ya sa wa Andromeda lamba 31 a jerinsa na abubuwan sama a 1764, shi ma Marius ya jingina wa, amma shi yana da uzuri don littafin al-Sufi bai kai gare shi ba. Ku mene ne uzurinku? Su kansu Turawan sun daɗe da gyara wannan magana, har wani rami a doron wata suka raɗa wa sunansa, Azophi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni malamin makaranta ne, ina koyar da labarin ƙasa. Tun farkon zango na koya wa yarana tarihin nan. Washegarin shirinku wani yaro mai ƙoƙari, wanda nake ji da shi, ya ɗaga hannu ya ce Malam ai jiya rediyo ya ce Bature ne. Aji ya ɗau surutu. Na yi bayani, na sake yi, amma na ga a idonsu maganar rediyo ta fi tawa nauyi. Kun san yadda mutanenmu suka ɗauki rediyo, in dai ya faɗa to an gama. Kun rusa mini aikin makonni da jimla ɗaya.

Yaran nan fa sun ga abin da idonsu. Bayan ɗaukewar damina, kafin hazo ya rufe sama, nakan fita da su bayan makaranta in an idar da Isha'i a daren da babu farin wata. Da yake wutar lantarki ba ta cika damunmu ba, sama tarwai take. Mu fuskanci arewa, mu nemo taurari biyar ɗin nan masu siffar harafin M, mu ɗaga kai sama da su kaɗan, sai ga shi, ɗan fari-fari dishi-dishi, yadda al-Sufi ya faɗa. Ba madubi, ba komai. Nakan gaya musu hasken nan da ke shiga idonku ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso, kuma taurarin da ke cikinsa sun kai wajen tiriliyan ɗaya, a nannaɗe kamar saƙar faifai. To abin da ɗan sakandare ke gani da ido tsirara, wa zai yarda sai a 1612 ɗan Adam ya lura da shi?

Ban ce a tauye wa kowa haƙƙinsa ba. Al-Sufi bai san nisansa ba, bai san tarin taurari ne mai zaman kansa ba. Hoton da Isaac Roberts ya ɗauka a Ingila a 1888 ne ya fito da naɗinsa sarai, Edwin Hubble kuma a 1923, da babban madubin Dutsen Wilson a Amurka, ya tsinto tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinsa, ya auna nisa da ƙa'idar da wata masaniyar taurari Ba'amurkiya, Henrietta Leavitt, ta gano, ya tabbatar yana can wajen namu tarin taurarin. Baƙonku ya faɗi na Hubble, na yaba. Ita Leavitt ko sunanta ban ji ba, ita ma kun haɗa ta da al-Sufi kun binne.

Ina so ku gyara a shiri na gaba, a farkonsa, ba a ƙarshe lokacin da kiɗan rufewa ke danne murya ba. Zan sa yaran su saurara.

Sannan don Allah ku duba tallan mai maganin gargajiyar nan da kuke sakawa dab da labaran ƙarfe takwas. Lokacin da iyali ke zaune a tsakar gida ne, ga surukai ga yara, sai mutum ya yi ta kwararo batsa da sunan magani, kai kuma kana lalubar makunnin rediyo a duhu. In kuɗin tallan ne ba za ku iya bari ba, ku mayar da shi bayan sha ɗayan dare.

Naku,
Wani malamin makaranta mai sauraronku