Rahoton ayyukan shekarar 2024–2025 ga 'yan ajinmu da suka fita lise a 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan shi ne rahoton farko da kwamiti yake kawo muku tun da muka kafa ƙungiya bayan fitowar sakamakon bak, jarrabawar kammala lise. Ya ɗauko daga watan Satumba 2024 zuwa ƙarshen Agusta 2025. Lissafin kuɗi yana hannun ma'ajiyarmu, za ta karanta shi dalla-dalla a babban taro, shi ya sa ban cika takardar nan da lambobi ba.

Shekara guda ta isa ta watsa mu. Wasu suna Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wasu André Salifou a Damagaram, wasu Djibo Hamani a Tawa, da yawa kuma ba su bar gida ba, suna Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi. Akwai waɗanda suka shiga makarantar horon malamai ko ta kiwon lafiya, akwai masu tsaron shagon iyaye a babbar kasuwa, akwai waɗanda suka sake zama taminal, ajin ƙarshe na lise. A zaman farko an yi gardama mai zafi a kan ko wanda bai samu bak ba ɗan ƙungiya ne. An tsaya a kan cewa duk wanda ya taɓa zama benci ɗaya da mu daga sogon, ajin farko na lise, zuwa taminal namu ne, har da 'yan matan da aka yi wa aure kafin jarrabawa da samarin da suka bar aji suka kama kabu-kabu. Kwamiti yana nan kan wannan matsaya, kuma ba ma so a sake tayar da maganar.

Aikinmu na farko ba mu muka zaɓe shi ba. Ruwan da aka tafka a Maraɗi ranar 30 ga Agusta 2024 ya rushe gidajen ƙasa masu yawa, ya yi sanadin rayuka, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta a duk ƙasar zuwa 28 ga Oktoba, tun da ajujuwa da dama sun zama mafakar waɗanda ambaliya ta kora. Cikinmu akwai waɗanda ɗakunansu suka zube. Kuɗin farko da ya shiga asusu can ya tafi: tabarmi, sangen sauro, buhun gero da aka raba tiya-tiya. Wasu kuma sun ba da ƙarfinsu wajen kwashe ƙasa da buga bulo. Wata 'yar ajinmu da za ta maimaita taminal ta tarar da kayye-kayyenta, littattafan rubutunta na shekara uku, sun zama dunƙulen laka, sai 'yan seri D, ɓangaren kimiyya, da suka ci suka haɗa mata nasu.

Babban aikin shekarar shi ne littafin tunawa. Mun roƙi kowa ya aiko da abin da ya riƙe na shekarun lise, a rubuce ko da murya, da Hausa ko da Faransanci. Mun zaci barkwanci za mu samu, kuma an same shi: sirbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, da ke tsayawa bakin ƙofa da agogo a hannu, mushen lissafi da ba ya share allo sai da hannun rigarsa, mai fanke da ta san bashin kowa ba tare da ta rubuta ba. Amma da muka jera saƙonnin sai muka ga wurare biyu kusan kowa yake komawa.

Na farko shi ne 8 ga Nuwamba 2021. Wata guda kenan da shigarmu sogon lokacin da wuta ta kama ajujuwan zana a wata makarantar firamare ta garin nan, yara fiye da 20 suka rasu. Da yawanmu muna da ƙanne a irin waɗannan rumfuna, kuma wasunmu a cikinsu suka koyi karatu. Wani ya rubuta cewa ranar da gudu ya bar aji ya nufi makarantar ƙanwarsa, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba, alhali ba ma a unguwar abin ya faru ba. Allah ya jiƙan yaran, ya ƙara wa iyayensu haƙuri. Mun keɓe musu shafin farko.

Shekarar piremiyer, aji na biyu, kuwa kamar ba a yi ta ba. In ban da wasan ƙwallo tsakanin seri A4 na adabi da seri D, wanda har yau kowane ɓangare ke cewa shi ya ci, ba wanda ya aiko da abin kirki.

Na biyu shi ne taminal. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyaka, Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta. Maraɗi garin kasuwa ne da ke shaƙar numfashi ta hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, don haka abin ya shiga tukunyar kowane gida. Shinkafa ta yi tsada, iyayen da ke fatauci suka zauna, kuɗin fotokwafi ma sai an yi shawara. A haka muka shiga ajin jarrabawa. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, wuta da iyaka suka dawo a watan Maris, daidai lokacin da azumi ya kama, zafin bazara kuma ya biyo baya.

Yadda aka yi karatu a watannin nan shi ne ya fi cika littafin. A unguwar Zariya wasu samari sun samu katangar siminti a wani zaure, suka fasa tsohon batir, suka kwaɓa baƙin garin da ƙaro suka shafe ta, ta zama allo. Fitila ɗaya ce mai cajin rana, a rataye a ƙusa, wanda ke rubutu shi ke tare hasken, sauran suna ta cewa ya matsa. Shayi yana kan gawayi, ba a tashi sai an sha na uku. A nan wanda ya gane lissafi yake biya wa wanda ya fi shi filo, wato falsafa, gobe a juya. 'Yan mata ba su da wannan damar, domin ba gidan da zai bar budurwa ta kai sha biyun dare a zaure. Su bayan la'asar suke haɗuwa a tsakar gidan ɗayarsu, in an gama wanke-wanke da ɗora tukunya, su yi abin da za su iya kafin magariba. Ɗaya ta ce yawancin darussan tarihi da ta haddace, tana tuƙa tuwo ta haddace su, kayye a jingine da turmi. A ganina duk wanda zai yi alfahari da makin da ya samu ya fara karanta shafukan 'yan matan nan.

Daga nan shawarar aiki na uku ta fito. Tun da taron dangi ne ya fitar da mu, ba ƙoƙarin mutum ɗaya ba, muka tattara tsofaffin takardun jarrabawa da gyararrun amsoshinsu, muka ɗinke su seri-seri, muka miƙa wa ƙannenmu na taminal. Waɗanda ke karatu nan Maraɗi suka ɗauki nauyin bita ranakun Asabar da safe, musamman ga 'yan ajinmu masu maimaitawa. An sa shi da safe ne da gangan don 'yan mata su samu zuwa. Malamanmu biyu sun riƙa leƙowa ba tare da sun karɓi ko dala ba, Allah ya saka musu da alheri. Cikin masu maimaitawar akwai waɗanda suka samu bak a bana, wasu tun zagayen farko na jarrabawa, wasu a na biyu. Sunayensu za a kira a taro, a yi musu barka yadda ya kamata.

An je gaisuwar rasuwa, an je suna da ɗaurin aure, a Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji. Ziyarar da aka kai wa tsohon mushenmu na Faransanci da ya yi ritaya ta yi armashi: ya gane kowa, ya kuma tuna wanda bai taɓa kawo debuwar, aikin gida, a kan lokaci ba.

Abubuwa biyu ba su yiwu ba. Yawon buɗe ido zuwa tafkin Madarunfa an ɗage shi saboda hutun jami'o'in bai zo ɗaya ba. Rigunan ƙungiya kuma ba a buga ba, don kuɗin bai kai ba. Kuɗin wata dala ɗari ne kacal, amma tun bayan ƙaramar salla biya ya ja baya, kuma masu yawan magana a zauren WhatsApp ba su ne masu yawan biya ba. Mun san ɗalibi ba shi da shi, wanda ya kasa ya gaya wa ma'ajiya a asirce, ba mai tona shi. Game da riguna, ra'ayin kwamiti shi ne a bar su, a sayi fitilu masu cajin rana da kuɗin, a riƙa ba 'yan taminal aro, 'yan mata a gaba. Taro ne zai yanke.

Littafin tunawa ya kusa kammala, saura shafukan waɗanda suka bar mu kafin taminal. Wanda yake da lambar ɗayansu ya taimaka ya haɗa mu. Babban taro zai kasance kafin 'yan Yamai da Damagaram su koma, za a sanar da rana da wuri. Abubuwan da za a tattauna: rahoton kuɗi, maganar fitilu, farashin buga littafin, da zaɓen sabon kwamiti. Mai son tsayawa takara ya ba da sunansa ga shugaba kafin ranar.

Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamiti
Maraɗi, Satumba 2025