Kada ƙaninka ya sa hannu tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu ma nan hunturu ya kama, leɓe duk ya tsage.

Na ga saƙonka kan jarumin da ƙaninka ya zana, wanda wani kamfani ke son saye ɗungurungum. Ka san ni da littattafan komik. Kwalin nan na nan ƙarƙashin gado, sai dai gara ta ci gefen wasu. Daren jiya na janyo shi, na kuwa kai ƙarfe ɗaya ina bubbuɗawa.

Yawancin mutane Marvel da DC kawai suka sani, alhali ƙananan kamfanoni sun sha ba su wahala. A 1940 kamfanin Fawcett ya fito da Captain Marvel, yaron da ke furta "Shazam" ya rikiɗe ya zama ƙato. Lokacin yaƙin duniya na biyu har ya fi Superman kasuwa. Masu Superman, wato kamfanin da yau ake kira DC, suka maka Fawcett kotu, wai an kwaikwayi nasu. Aka yi ta ja har 1953, Fawcett ya gaji, ya biya diyya, ya daina bugawa. Yau jarumin yana hannun DC ɗin da ta kai ƙara.

Ni dai kamfanin Charlton ne ke burge ni. A wani ɗan gari suke, Derby, a jihar Konetikat. Injin ɗab'i nasu ne, kuma tsayar da shi asara ce, don haka suke ta zuba masa komik dare da rana. Ina da guda biyu nasu: takarda kamar ta ƙunshe ƙosai, jan launi ya zarce layi ya hau fuskar mutum. Kuɗin da suke biyan masu zane kuwa ba a magana. Amma ba mai tsaya maka a kai, abin da ka ga dama shi za ka zana. Can mai zane Steve Ditko ya koma bayan ya bar Spider-Man a 1966, ya ƙirƙiro The Question, mai hular malafa, fuska sumul babu ido babu baki. A 1983 DC ta saye jaruman Charlton, su ne ma marubuci Alan Moore ya so ya yi littafinsa na Watchmen da su, aka hana shi, ya ƙera masu kama da su.

Sai 1992 aka samu masu zane bakwai suka fice daga Marvel suka kafa Image, cikinsu har da Todd McFarlane da Jim Lee. Babban sharaɗinsu: kowa shi ke da abin da ya ƙirƙira, kamfani sunansa da tambarinsa kawai ya mallaka. Fitowar farko ta Spawn, jarumin da McFarlane ya ƙirƙira, ta sayar da kusan kwafi miliyan 1.7. Ba waliyyai ba ne fa, littattafansu kan yi watanni ba su fito ba, labarin wasu kuma ba kai ba gindi. Jim Lee ma daga baya ya sayar wa DC nasa ɓangaren. Amma Spawn na hannun McFarlane har gobe, ya wuce fitowa ta 300 a 2019. Su kuwa samari biyun da suka ƙirƙiro Superman, dala 130 aka ba su a 1938, suka tsufa suna zaryar kotu.

To ka gaya wa yaron nan ya dakata. Ya ɗauki hoton takardar yarjejeniyar ya turo mini ta WhatsApp, shafi-shafi. Ina so in ga ko aron jarumin za su yi na 'yan shekaru ko saye ne na har abada, da kuma wa zai ci kuɗin in an yi fim ko an buga shi a riga. Akwai lauya a layinmu, zan kai masa bayan sallar Juma'a.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Zariya