Godiya ga ofishin da ya ɗaga mana shafin majalisi zuwa Joomla 5

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Injiniya, da kai da ƙannen namu da ke aiki a ofishinka, wannan takarda taku ce, kuma da gangan na sa ta a fili inda kowa zai karanta maimakon in turo maka ta WhatsApp, domin aikin da kuka yi mana jama'a ne ke cin moriyarsa ba mu 'yan kwamiti kaɗai ba. Ka ce dan Allah kar in ambaci suna, toh ban ambata ba, amma duk wanda ya same ni ya tambaya waye ya yi mana aikin nan zan nuna masa ƙofarku, wannan kam sai dai ka yi haƙuri.

Ga wanda bai san zancen ba, shafin intanet na majalisin karatunmu an gina shi tun 2014 a kan Joomla 3, wato wata manhaja ta gina shafi da loda masa kaya, kuma a ciki muke ajiye sautin tafsirin azumi na kowace shekara da karatun fikihu da hadisi na mako-mako da kuma rubuce-rubucen ɗaliban Malam da Hausa, har da tambaya da amsa. Yaron da ya gina mana shi Allah ya saka masa da alheri, ya samu aiki ya bar gari, shafin ya tsaya a kan Joomla mai lamba 3.6.2 shekara da shekaru, yana buɗewa muna loda karatu jama'a na saukewa. Sai kamfanin da muke haya wajensu na hostin, wato masu ajiye mana shafin a kan kwamfutarsu, suka turo imel cewa za su cire tsohon PHP, wato yaren kwamfutar da Joomla ke aiki da shi, daga sabarsu, duk shafin da bai koma sabo ba zai iya daina buɗewa. Kuma ba zalunci suka yi ba, PHP 7.4 ma da ake ganin sabo-sabo ne an daina yi masa gyaran tsaro tun 28 ga Nuwamba 2022, ita kuma Joomla 3 gaba ɗayanta masu ita sun janye hannu daga kanta ranar 17 ga Agusta 2023. Wato duk ɓarakar da aka gano bayan nan babu mai toshe mana.

Kafin mu zo wajenku mun ji shawarwari kala-kala, wani ya ce a share komai a gina sabo da WordPress cikin sati ɗaya, wani ya ce wai meye amfanin shafi ma yanzu tunda ga Facebook ga Telegram. Ni ba ni da matsala da WordPress, mutane da yawa na amfani da shi lafiya lau, amma babu ko ɗaya cikinsu da ya tambaye mu me ke cikin shafin da kuma su waye ke shiga. Kai ne mutum na farko da ka yi wannan tambayar Injiniya, ka zauna ka bi shafin ɗaya bayan ɗaya kafin ka yi maganar kuɗi, sannan ka gaya mana gaskiya cewa daga Joomla 3 zuwa 4 ba afdet ba ne irin na danna maɓalli, ka ce kamar tashi ne daga tsohon gida zuwa sabo, akwai kayan da za su shiga ƙofa akwai waɗanda sai an kwance su akwai waɗanda dole a bari. Haka kuwa aka yi.

Abu na farko da ya kwantar min da hankali shine ba ku taɓa shafin da jama'a ke shiga ba sam. Kun ɗauki cikakken bakof, wato kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya, da manhajar Akeeba Backup, kuma ba ku tsaya a nan ba sai da kuka buɗe bakof ɗin a wani waje daban kuka tabbatar yana tashi, sannan kuka ba ni kwafi a filash na kai gida. A kan wancan kwafin na gwaji kuka yi ta aiki, mataki-mataki har zuwa 3.10.12 wadda ita ce ta ƙarshe a jerin Joomla 3, a nan ne akwai wajen da ke duba duk ƙarin manhajojin da aka ɗora wa shafi ya nuna wanne zai tafi da sabuwa wanne ba zai tafi ba. Na ga allon da idona, jan rubutu ya fi kore yawa. Daga nan kuka wuce 4.4 sannan 5, bayan kun sa masu hostin sun mayar da mu PHP 8.1 ko sama da rumbun bayanai na MySQL 8 da Joomla 5 ke buƙata, kuma ku kuka yi ta musayar imel da su ba ku bar ni da turancin da ban gane kansa ba.

A cikin wannan binciken ne kuka gano abin da ya tayar min da hankali matuƙa. Cikin jerin masu asusu a shafin akwai sunaye da imel na mutanen da ba mu sani ba, alhali mu ba mu taɓa buɗe rijista ga jama'a ba, mu huɗu ne kawai ke shiga. Ka yi min bayani cewa akwai wata ɓaraka da aka toshe a 3.6.4 tun Oktoban 2016 wadda ke ba wa mutum damar buɗe asusu ko da an rufe rijista har ya ɗaga matsayinsa, mu kuma muna ƙasa da wannan lambar duk tsawon shekarun nan. Wallahi da wani ne zai iya amfani da wannan ya tsorata mu ya ninka kuɗin aiki, ku kuwa kun goge asusun, kun kwatanta fayilolin shafin da na asali kun fitar da waɗanda aka cusa a foldar hotuna, kun sa kowa ya canza kalmar sirri, kun kunna mana shiga mai mataki biyu da ke cikin sabuwar Joomla, kuma ko kwabo ba ku ƙara a kan abin da muka yi yarjejeniya ba. Shafin da ake sauke tafsiri a ciki a ce wata rana ya koma tura mutane wajen caca ko abin da ya fi haka muni, da sunan Malam a sama, ni ko tunanin ba na son yi.

Sai maganar haruffa, wadda ita ce ta sa na ce lallai sai na rubuta wannan takarda. Tun wani tashi da aka yi daga wani hostin zuwa wani shekarun baya, tsofaffin rubuce-rubucenmu da yawa suka lalace, duk inda ƙ take sai ka ga Æ™, inda ɗ take ka ga É—, har ɗalibai suka saba karantawa a haka suna cankar kalma. Mun ɗauka shikenan sun tafi sai dai a sake bugawa da hannu. Malamar nan ta ofishinku, ƙanwarmu mai kula da rumbun bayanai, ita ta ce a'a rubutun yana nan bai ɓace ba, an dai karanta shi ne da tsarin haruffan Turawan yamma maimakon UTF-8 lokacin da aka kwashe shi, kuma ana iya dawo da shi. Wahalar ita ce ba duka ne suka lalace ba, waɗanda aka rubuta bayan tashin lafiyarsu ƙalau, idan aka yi musu gyaran bai-ɗaya su kuma sai su lalace, dan haka sai da ta ware su tukuna. Na shigo ofishin wata rana da la'asar ana kan janareta na same ta ta raba allo biyu, tsohon rubutu a hagu gyararre a dama, tana bi layi-layi tana motsa baki tana karantawa, ta tsaya a wani waje ta ce min Yaya wannan kalmar ɓarna ce ko barna aka rubuta tun asali, in duba mata littafin da ɗalibin ya kwafo. Ba ta cikin majalisinmu, babu wanda zai kama ta in ta wuce wajen, amma ta tsaya. Allah ya yi miki albarka ƙanwata, ya ba ki abin da kike nema duniya da lahira.

Kuma ba ku tsaya a gyaran ba, kun lura cewa yawancin masu shiga da waya ba sa rubuta haruffa masu ƙugiya in suna nema, mutum zai rubuta karshe ko daukaka haka nan, sai kuka saka wa karatuttukan kalmomin nema na biyu marasa ƙugiya, kuka kuma zaɓi irin rubutun da ke nuna ƙ da ɗ da ɓ daidai da sauran haruffa ba su fito wani iri daban a tsakiyar kalma ba. Wannan sai wanda ke rubutu da Hausa kullum zai san darajarsa.

Wani abu kuma da jama'a ba za su gani ba saboda an yi shi daidai shine linki. Shekara goma muna tura linkin karatu a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, akwai masu saurare a Maraɗi da Damagaram da zangon Kumasi da ma 'yan uwa da ke Saudiyya da suka adana su a waya, wasu dattawa ne da ba su san yadda ake neman abu a shafi ba, linkin da jikansu ya ajiye musu shi kawai suke dannawa. Karatuttukanmu kuwa a cikin wata ƙarin manhaja ta jera rubutu mai suna K2 suke, ita kuma ba ta aiki a kan sabuwar Joomla a lokacin, dole aka kwashe su zuwa tsarin rubutu na Joomla ɗin kanta, wanda hakan ke nufin adireshin kowane karatu zai canza. Kun fitar da jerin tsofaffin adireshin kaf kun haɗa kowanne da sabonsa ta yadda wanda ya danna tsoho zai faɗa kan sabo kai tsaye. Ranar da aka buɗe na koma can ƙasan guruf ɗinmu na nemo linkin tafsirin 2016 na danna, sai ga muryar Malam. Na tura wa wani dattijo a Maraɗi na ce ya gwada nasa, ya dawo min da saƙon murya yana cewa ai shi bai ga an canza komai ba sai dai ya fi saurin buɗewa.

Tsohuwar fuskar shafin kam ba ta tsira ba, an gina ta a kan tsarin zanen shafi na Bootstrap 2 ita kuma sabuwar Joomla tana kan 5, kun gaya mana tun farko. Wasu 'yan kwamiti sun so a sayi wata mai ƙyale-ƙyale da hotuna masu yawo, ka ba mu shawara mu tsaya a kan Cassiopeia, fuskar da ke zuwa da Joomla, a gyara mata launi da tambarinmu, saboda duk afdet da zai zo nan gaba za ta bi ba sai mun jira wani kamfani ba, kuma ba ta cin data. Ni ina bayan wannan shawara ɗari bisa ɗari, mai saurarenmu da ke sayen data ta ɗari biyu karatu ya zo nema. An ɗan yi ja-in-ja a kwamiti amma yanzu kowa ya gamsu.

Ranar sauyawar ma kun zaɓi bayan sallar isha lokacin da shiga ta yi ƙasa, kun sa sanarwa da Hausa cewa ana gyara a dawo da safe, kuma tsohon shafin kun ajiye shi a gefe ko da wani abu zai faru a mayar. Da asuba na duba komai na aiki in ban da fom ɗin aiko da tambaya da ya ƙi tura saƙo, na kira ka ina jin nauyin kiran a wannan lokacin, ka ɗauka, kafin hantsi an gyara. Duk wannan kun gama shi da sauran lokaci kafin azumi kamar yadda ka yi alkawari, wanda shi ne lokacin da shafin ke cika.

Sannan kun zaunar da yaranmu biyu da ke loda karatu kun koya musu sabon wajen shiga, yadda ake ɗaukar bakof kafin a danna afdet, da yadda za su gane saƙon afdet na gaskiya da na 'yan damfara, kun rubuta mana komai a takarda shafi biyu da Hausa. Kalmomin sirri na hostin da na domen duk kun miƙo mana kun ce mu canza su bayan kun gama, ba ku riƙe ko ɗaya ba dan mu dinga dawowa dole. Mu da kanmu muka ce a'a muna so ku ci gaba da duba mana shi duk wata, kuma kwamiti ya amince da hakan a zaman da ya wuce.

Ga sauran 'yan uwa masu shafin makaranta ko masallaci ko ƙungiya, dan Allah ku shiga ku duba lambar da shafinku ke kai, in Joomla 3 ce lokacinta ya wuce, masu Drupal 7, wata manhajar gina shafi irin Joomla, su ma nasu ya ƙare tun 5 ga Janairu 2025. Kuma duk wanda za ku ba wa aikin ku tambaye shi a ina zai gwada kafin ya taɓa na gaske, da kuma me zai faru da tsofaffin linki.

Injiniya, Malam ya ce in isar maka da gaisuwarsa da addu'arsa, da kai da duk ma'aikatanka har da yaron da ke tayar da janareta. Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci ofishin nan da iyalanku, ya jiƙan mahaifa, ya sa ladan duk wanda ya saurari karatu a shafin nan ya kai gare ku. Akwai sauran kaset-kaset na karatun shekarun baya da muke mayarwa zuwa sauti na kwamfuta, in mun kammala bayan sallah zan shigo mu zauna kan yadda za a jera su.

Wassalam,
Ɗan uwanku, sakataren kwamitin majalisi, Kano.