Zuwa Ga Iyayen Yara: Maganar "Netwok Ba Kyau" Ta Isa Haka Nan

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara, Alhazai da Hajiyoyi, ya gida, ya zafin Jidda? Allah ya sa mu ga bayansa lafiya.

Yau ba zan ja gaisuwa ba don akwai abin da ya tsaya min a rai. Tun da muka mayar da muraja'ar ranar Asabar kan Zoom saboda yaran da ke nesa, su Kilo 14 da su Ƙuwaiza, ba satin da za a tashi ba a ce min "malam netwok ba kyau" ba. Yaro ya shigo ya ja aya biyu, hoto ya tsaya cak, murya ta dinga yankewa, can sai ka neme shi ka rasa, bayan an shafa fatiha kuma uwa ta turo saƙon murya a gurup wai a yi haƙuri sabis ne. Wasu da gaskiyarsu, na yarda. Wasu kuwa mun san juna, yaron da netwok ba ya kawo masa lokacin hadda amma yana kawo masa PlayStation har kiran asuba, wannan ba aikin injiniya ba ne, aikin uba ne.

Malaminmu na kwamfuta, Allah ya yi masa albarka, shi ya ɗauki motarsa da man aljihunsa ya bi gidajen da suka fi yawan kuka, ba wanda ya sa shi. Abin da ya dawo mana da shi shi ne yawanci matsalar ba daga kamfani take ba, tana nan cikin shaƙƙa, wato gidan da ake zaune. Ga abin da ya ce a gaya muku, ni ma a wajensa na koya da furfurata.

Kafin komai a yi gwaji. A ajiye jawwal, wato wayar hannu, kusa da laftof ɗin, duk biyun a kan waifai ɗaya, a buɗe fast.com a kowanne a ga lambar da zai nuna. In wayar na gudu laftof na rarrafe, to laifin laftof ne, a bar zagin kamfani. In duk biyun sun yi ƙasa, a ɗauke su a je gindin rawuta, wato na'urar da ke ba da waifai ɗin, a sake gwadawa, in lambar ta tashi a can to nisa ne da bango. Sai in a gindin rawutar ma ba labari, an kuma zare ta daga wuta na daƙiƙa 30 an mayar ba ta canza ba, sannan ne za a kira kamfani, ko a duba ko data ce ta ƙare ga masu rawuta mai shariha, wato sim.

Maganar rawutar nan ita ce ta fi ba shi mamaki. Wani gida ya same ta a bayan talabijin, wani a cikin kabad an rufe don kar yara su taɓa, wani kuma Hajiya ta lulluɓe ta da kyalle mai ado saboda ƙura. Gine-ginen nan namu siminti ne da rodi, sigina ba ta ratsa su da daɗi, rawuta na falo yaro na can ƙuryar ɗaki bango uku tsakaninsu, me kuke so ta yi? A ɗaga ta sama, a fili, wajen tsakiyar gida, a kuma nisanta ta da kicin don maikurowef yana aiki ne a kusan zango ɗaya da waifai na 2.4, ana ɗumama shinkafa karatu na yankewa.

Da yawanku in kun duba za ku ga sunan waifai ɗinku kashi biyu ne, ɗaya ba komai a jikinsa, ɗaya an ƙara masa 5G a ƙarshe. Wannan ba 5G ɗin shariha ba ne, zango ne na 5 gigahaz. Na 2.4 ya fi nisa kuma ya fi ratsa bango, amma cunkoso ne a kansa kamar kasuwar Balad da daren sallah, domin hanyoyi uku ne kacal a cikinsa da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, ga bene guda kowace shaƙƙa da rawutarta, bayan isha kowa ya hau. Na 5 ya fi sauri kuma ya fi sarari, sai dai ba ya zuwa nesa. Don haka lokacin darasi yaro ya zauna ɗaki ɗaya da rawuta ya hau na 5, shi ke nan.

In laftof ɗin ba ya ma ganin na 5 ɗin, tsoho ne, irin wanda ake samowa a haraj, kasuwar gwanjo, kuma ba abin kunya ba ne, namu na ofis ma haka yake. Kar a je a ci bashi a sayi sabo. Akwai ɗan ƙaramin abin kama waifai da ake soka wa a ramin USB, shagunan kwamfuta duk suna da shi, a dai ce mai ɗaukar 5 ake so. Wanda ya fi duka kuma shi ne kebul daga rawuta kai tsaye zuwa laftof, shi babu ruwansa da bango ko maƙwabta.

Sai abin da ke cikin laftof ɗin kansa. Na'urar da ba a kunna ta sai Asabar zuwa Asabar, ana buɗe ta Windows zai fara sauke abdet ɗinsa a ɓoye ya cinye hanyar, saboda haka a kunna ta tun daren Juma'a ta gama abinta. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a nan ake ganin abin da ke shan intanet ɗin, sau da yawa wasan yayan yaron ne ke sauka. A sa caja lokacin darasi, don in batir ya yi ƙasa laftof na rage ƙarfinsa. A daina ɗora shi kan katifa ko kafet, iska ba ta shiga, ya yi zafi ya dinga nauyi ko da mukayyif, wato AC, na aiki. Masu VPN kuma, manhajar nan da ke karkatar da intanet ta wata hanya, ban tambayi kowa dalili ba, a dai kashe shi kafin a shiga aji.

Wani uba ya ce min zai ƙara kuɗi a ba shi layi mafi girma. Alhaji riƙe riyalinka ka biya mana kuɗin wata. Zoom ko da hoto mai kyau bai cin megabit 4 cikakke a daƙiƙa, abin da ake buƙata kawai mutanen gida su haƙura da YouTube da tura bidiyon biki na awa ɗaya.

To daga Asabar mai zuwa, duk wanda ya ce netwok, zan ce a turo min hoton gwajin nan na waya da na laftof. Wanda abin ya gagare shi ya kawo laftof ɗin da cajarsa ranar Alhamis bayan la'asar, malam zai duba kyauta, amma babba ya kawo, kar a haɗo ƙaramin yaro da shi a mota.

Malamar ajin ƙanana ta kai yaranta ƙarshen izu na farko, da haƙurinta da komai, madalla da ita, sauran malamai a yi koyi. Masu bashin wata biyu sun san kansu. Ɗaukar yara bayan magariba ne ba bayan isha ba, mai gadinmu shi ma yana da iyali. Waɗanda suka sabunta iƙama, wato takardar zama, a kawo kwafinta ofis. Gorunan ruwa da aka manta sun cika kwali, wanda ba a ɗauka ba zuwa ƙarshen wata za mu bayar.

Wassalam,
Shugaban makaranta