Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Gajiyar Da Ke Cin Malaman Firamarenmu

Daga: Kwamitocin kula da makarantu, ƙungiyoyin iyaye da malamai, da tsofaffin malamai na wannan gunduma, Jihar Kano
Zuwa ga: Mai Girma Hakimi
Ta hannun: Dagatai da masu unguwanni
Kwafi: Shugaban ƙaramar hukuma da sakataren ilimi

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri gare ka da iyalinka da 'yan majalisarka, mun zo gabanka da kuka a madadin mutanen da ba su saba kai ƙara ba, wato malaman makarantunmu na firamare. Sun gaji, Allah ya taimake ka, irin gajiyar da hutun ƙarshen zango ba ya warewa. Mu da muke shiga makarantun nan safe da rana mun ga abin da ke faruwa, kuma tsoro ya kama mu.

Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a ajin firamare. A makarantunmu da dama, aji ɗaya ya haura yara ɗari, wasu a kan benci, mafi yawa a ƙasa, wasu a bakin taga. Tun da aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar nan a 2019, iyaye sun amsa kira, sun kawo 'ya'yansu, mu ma mun taya da shela a masallatai da kasuwanni. Yaran sun zo. Malaman da za su karɓe su ne ba su ƙaru yadda ya kamata ba.

Da mai girma zai leƙa ajin 'yan aji uku da safe, zai ga malama tsaye da rajista tana kiran suna, kafin ta kai ƙarshe rabin lokacin darasin farko ya tafi. Sai ta juya ga allon da ya koɗe, tana rubutu da allin da ta saya da kuɗinta, tana ɗaga murya don na baya su ji. Kafin ƙarfe sha ɗaya muryar ta dushe. In an tashi, ta zuba littattafan yara a buhu ta tafi da su gida, ga girki, ga nata 'ya'yan, sai dare ya raba ta zauna maki da fitilar waya. Gobe kuma haka. Ita ce ke koyar da lissafi, ita ce Turanci, ita ce Hausa, ita ce mai rabon faɗa, ita ce mai wanke yaron da ya ɓata jikinsa. A wasu makarantun ko banɗakin da za ta kewaya babu, sai ta roƙi maƙwabta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mace mai mutunci ta tsani zuwa aiki.

Na mazan kuwa, da yawansu daga aji sai kan adaidaita sahu, ko tireda, ko gona, har bayan isha'i. Ba mu ga laifinsu ba. Kafin cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba, a ƙarshen 2024 kuwa ta kai wajen naira dubu. Mun yaba da mafi ƙarancin albashi na naira 71,000 da gwamnatin jiha ta amince da shi a 2024, amma malamin da aka tura ƙauye mai nisa, kuɗin mota kaɗai ke cinye kaso mai tsoka, ga bashin banki da ake cira tun kafin albashin ya shigo hannu. Mutumin da ya kwana yana lissafin awo ba zai wayi gari da natsuwar koyar da yara ɗari ba.

Alamomin a bayyane suke ga mai lura. Malamin da muka sani da fara'a da haƙuri ya koma mai saurin fushi, bulala ta fi bayani yawa. Wani ya daina shirya darasi, sai ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa, ya fita ya zauna a gindin bishiya ya yi tagumi. Hawan jini da gyambon ciki da ciwon maƙogwaro sun zama ruwan dare a tsakaninsu. Masu jini a jika kuma ido suke zubawa, da sun samu wani aiki sai su ajiye alli, kuma galibi ƙwararrun ne ke fara tafiya. Jama'a na ganin haka sai su ce malaman yanzu ba su da kishi. Muna roƙon a daina yanke wannan hukunci cikin gaggawa. Akwai 'yan ƙalilan masu wasa da aiki, ba ma kare su, a hukunta su. Amma rijiyar da ake ɗiba kullum ba a yashe ta, ranar da ta ƙafe ba ita za a zarga ba.

Mun ji alkawura. A ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoba, 2020, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da tsarin albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara. A 2022 aka sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malami zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Ƙarin shekaru abin so ne ga mai lafiya da kwanciyar hankali, amma ga wanda ya riga ya galabaita, ƙarin nauyi ne in ba a sauƙaƙa masa aikin ba. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, mun ga ana gyaran azuzuwa, mun gode. Roƙonmu shi ne a tuna da mutumin da zai tsaya a cikin ajin da aka gyara.

Ranka ya daɗe, mun san albashi ba a fadarka ake yanka shi ba. Sai dai akwai abubuwa da yawa da maganarka za ta gyara, kuma su muka fi so mu jaddada.

Babba a cikinsu shi ne rabon malamai. Makarantun cikin gari wasu malamai sun yi musu yawa, alhali akwai makarantar ƙauye mai aji shida da malamai biyu ko uku, hedimasta ma yana cikin lissafin. Muna roƙon mai girma ya zauna da sakataren ilimi a fito da jerin makarantu, kowace da yawan yaranta da malamanta, a duba a gaban dagatai, a daidaita ba tare da la'akari da wane ɗan wane ba. Wanda aka tura ƙauye kuma a sa masa wa'adi, ya san in ya cika shi za a dawo da shi. Sannan muna da 'ya'yanmu masu takardar shaidar malanta ta NCE zaune a gida ba aiki. Mai girma ya sa baki a ba su fifiko duk lokacin da za a ɗauki malamai, domin ɗan gari ba ya biyan kuɗin mota. Kafin nan, attajiranmu da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai za su iya ɗaukar nauyin ɗan alawus ga masu aikin sa-kai, in har kiran ya fito daga fada.

Muna kuma roƙon a umarci kowane dagaci ya nema wa baƙon malami masauki mai kyau kusa da makaranta, kamar yadda iyayenmu suka riƙa yi, har da ɗan filin noma in da hali. Banɗaki na malamai mata da randar ruwan sha, aikin gayya na 'yan kwanaki ne, mu kwamitoci mun ɗauki alkawarin yashi da leburanci in an taimaka da siminti da kwano.

Sai batun mutunci, wanda ba ya cin ko sisi. Ya zama ɗabi'a uba ko yaya ya faɗo makaranta ya ci zarafin malami a gaban ɗalibansa saboda an tsawata wa yaro. Malamin da aka zaga a gaban aji ya gama koyarwa a wannan aji. A yi shela cewa duk mai ƙorafi ya bi ta wurin hedimasta da kwamiti, in ya gagara a je gaban mai unguwa, kuma wanda ya keta wannan a kira shi fada. Limamanmu su taɓo batun a huɗuba. Arewa ta san darajar alli: Sardauna, Tafawa Ɓalewa, Malam Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Shehu Shagari duk sun tsaya gaban allo kafin duniya ta san su.

Ga shugaban ƙaramar hukuma, ta bakin mai girma, muna roƙon a riƙa sakin ƙarin girma a kan lokaci tare da kuɗinsa, a riƙa yin tantancewar malamai a kusa kuma lokacin hutu, a sami mai riƙe aji idan malama ta tafi hutun haihuwa maimakon a haɗe aji biyu a kan mutum ɗaya, a kuma turo ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi su auna jinin malamai sau ɗaya kowane zango. Tsofaffin malamai da ke cikinmu a shirye suke su riƙa zama da sababbi duk wata, su saurare su, su nuna musu dabarun riƙe babban aji.

Muna roƙon mai girma ya sa mana rana kafin a koma zango mai zuwa, a kira hedimastoci da wakilan ƙungiyar malamai ta NUT da dagatai, a bar malaman su faɗi damuwarsu da bakinsu ba tare da tsoron canjin wurin aiki ba. Za mu zo da lissafin yara da malamai na kowace makaranta a rubuce.

Allah ya ja zamanin mai girma, ya ƙara lafiya da nisan kwana, amin.

Mu ne naka masu biyayya,
Shugabannin kwamitocin kula da makarantu
Wakilan ƙungiyoyin iyaye da malamai
Wakilan tsofaffin malamai na gunduma