Zuwa ga Uwata, a kan finafinan da kika turo

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya sanyin can? Mu nan kowa lafiya, sai ƙafar Innarki da ke tashi duk lokacin hunturu.

Finafinan kaboyin da kike bincike a kansu, ƙaninki ya kunna mini. Na zaci irin waɗanda muka sani ne a silima, harbi da ƙarar kofato. Ashe bebaye ne, sai rubutu ya fito a baƙin allo shi kuma ya fassara mini. The Toll Gate na William S. Hart, na 1920, bai dame ni ba. Ɗan fashi ya tsamo yaro daga ruwa, ya so uwar yaron, ya ga bai dace da ita ba, ya tafi. Ya tafi da ransa, da dokinsa.

Wanda ya hana ni barci shi ne The Squaw Man na 1914, wanda Cecil B. DeMille ya fara aiki da shi a Hollywood. Baturen Ingila ya ɗauki laifin cin kuɗin marayu da ɗan'uwansa ya yi, ya gudu Amurka. Wa ya tsaya masa a can? Nat-u-ritch, 'yar shugaban ƙabilar Ute, ta 'yan asalin Amurka. Ita ta harbe wanda ya zo kashe shi, ita ta ceto shi daga dusar ƙanƙara, ta haifa masa ɗa. Da aka wanke sunansa, sai aka ce yaron Ingila za a kai shi a yi masa tarbiyya. Ga hukuma tana nemanta saboda kisan da ta yi dominsa. Ta kashe kanta. Sau uku DeMille ya shirya labarin nan, 1914 da 1918 da 1931, kuma kowane karo ita ce gawar. A takardarki kin kira wannan sadaukarwa. Ni abin da na gani, masu labarin ne suka rasa yadda za su yi da ita, suka kawar da ita don Bature ya sami hanyar gida.

Yanzu ga maganar. Goggonki ta ce kina shirin ajiye karatu ki kama aiki, ki biya wa yaron nan kuɗin makaranta. Yaron da har yau magabatansa ba su tako ƙofar gidana ba! Uwata, da hankalinki? Kin ga abin da ya sami yayarki, ke kika riƙe ta a daren nan. Kin san abin da na sayar kafin ki hau jirgi, da irin maganganun da na haɗiye daga 'yan'uwana, ban taɓa yi miki gori ba. Sun ce na cika zafi a kan maganar yayarki. To, da na fi haka zafi tun farko, da yau tana ɗakinta.

Ban ce yaron mugu ne ba, Baturen fim ɗin ma ai ba mugu ba ne. Kuma tausayin nan naki na san inda kika gado shi, na mai sunanki ne, Allah ya jiƙanta.

Kada ki sa hannu a kowace takarda ta barin makaranta. In da gaske yake, ya turo kawunsa wurin Baffanki kafin azumi. Ki kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu, ni kaɗai, don Innarki ba ta sani ba tukuna.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki